Ɗan Fari a Gadon Bakin Taga

Kwanakin baya hawan jini ya kayar da ni, 'ya'yana suka tattara ni a adaidaita sahu suka kai asibiti, aka ba ni gado. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a tsaye kan marasa lafiya, sai ga ni kwance ina kallon rufin ɗaki, ina jiran a zo a duba ni. Da hantsi sai ga ɗalibai masu koyon aikin jinya sun shigo cikin fararen kaya fes, suka kewaye gadona har na daina ganin bango. Yara ne masu ladabi, ba zan yi musu sharri ba, duk sun gaishe ni. Ɗaya ta ɗaura mini na'ura a dantse, na'urar ta kumbura ta sace da kanta ta nuna lamba, na baya suka leƙo ta kafaɗar na gaba suka kwafa. Sai da suka wuce gado na gaba na lura babu wanda ya tambaye ni komai. Duk tambayoyin 'yata aka yi wa, wadda ke zaune a gefe, ita kuwa tana ta zuba amsa kamar a jikinta ciwon yake. Na so in yi faɗa, don bakina bai tsufa ba ko da jikin ya tsufa, amma sai na fasa. Wani yaro na tuna, wanda ransa ya rataya a kan maganar da ke bakin uwarsa, mu kuma muka yi ta tambayar wata.

Ban ga laifin yaran nan ba. Sun yi yawa, masu koya musu sun yi kaɗan, ƙwararru da dama sun hau jirgi sun tafi inda ake sanin darajarsu, waɗanda suka rage kuwa aiki ya sha musu kai. A littafi sun fi mu sani nesa ba kusa ba. An ce a makarantarsu har mutum-mutumin roba gare su, mai numfashi, mai bugun zuciya, a kansa suke koyon allura da ƙarin ruwa. Madalla, ko ba komai an huta da huda bayin Allah. Sai dai roba ba ta jin kunya, ba ta da suruka, ba ta ɓoye abin da ke damunta don kada a yi mata faɗa. Irin wannan karatun a bakin gado kaɗai ake samunsa, wajen wanda ya riga ka, kuma sai yana da lokacinka.

A Fagge aka haife ni, a nan na tashi, daga nan kuma nake tafiya asibiti a ƙasa lokacin da makaranta ta fara tura mu koyon aiki. Ana idar da sallar asuba za ka ji Inna tana fifita gawayi a dutsen guga, tana mita wai hular aikin nan tawa ta fi rawanin alƙali cin sitaci. Kafin in gama karin kumallo titi ya farka: ƙarar kurar masu tura dilolin atamfa zuwa Kantin Kwari, kukan jirgin ƙasa daga can nesa, mai koko tana kankare ƙwarya. Ranar Lahadi kuwa ƙararrawar coci ce daga Sabon Gari take raka ni hanya. Matan layinmu ba su rasa abin faɗa ba, wai 'yar gidan mutunci ta rasa abin koyo sai kwasar kashin mutane. Baba bai taɓa tanka musu ba. Abin da ya ce da ni kawai shi ne, “Duk wanda kika gani a kwance, ɗan wani ne.” A mararraba nake tarar da ƙawata, 'yar Sabon Gari, ajinmu ɗaya, tana jirana da ƙosai a takarda. Iyayenta daga kudu suka zo, ita kuwa a Kano aka yanke mata cibiya, in tana zagin mai keken da ya fantsama mana ruwa ba za ka ce ba Bafaggiya ba ce.

A wancan zamani ɗaliba ba ta taɓa allura sai ta jiƙu. Da gyaran gado ake farawa, sai wankan waɗanda ba sa iya tashi, sai kai fo da wanko shi, sai tafasa sirinjin gilashi a tukunya, kana jin suna ƙwal-ƙwal cikin ruwa, tururi na dukan fuskarka. Mun tsani aikin nan, mun ɗauka bauta ce kawai. Daga baya muka gane a wajen wankan nan ne ake ganin gyambon da mutum ya ɓoye, a nan ake jin ƙafar da ta fara sanyi, a nan tsohon da ya ce wa likita da sauƙi zai gaya maka gaskiya a hankali kana goge masa baya. Yanzu 'yan'uwan maras lafiya ke yin wannan duka, ɗalibi yana tsaye daga nesa da biro a hannu. An sauƙaƙe musu wahala, an kuma raba su da makarantar da ta fi kowace.

Da aka kai mu ɗakin yara sai muka faɗa hannun Sista, babbar nas ɗin ɗakin. Doguwa ce, baƙa, 'yar Sabon Gari ita ma, tana da agogo maƙale a ƙirji da idon da ke ganin ƙura a ƙarƙashin gado tun daga bakin ƙofa. Tsoronta muke ji fiye da jarrabawa. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta yarda a ɗaga, in cokali ya faɗi a ɗakinta sai ta juyo ta kalle ka har ka raina kanka. Hausarta ta tsofaffin cikin gari ce, da karin magana take yi mana faɗa. In ka kawo mata labarin yaro ba ka taɓa shi ba sai ta ce, “Gani ya kori ji, koma.” Da ta yi ritaya ta koma garinsu, gidan da ta zauna yanzu shagon kayan lantarki ne. Labarin rasuwarta ma a bakin wata na tsinta, bayan an daɗe da yi. Ban taɓa ce mata na gode ba, lokacin ban san akwai abin godiya ba.

Tana hutun ƙarshen mako aka kawo yaron. Jinjiri ne, ko zama bai fara ba, jikinsa zafi rau, ba ya kama nono sosai. Kakarsa ta wajen uba ce ta goyo shi daga Kwaciri, tsohuwa mai kuzari, mai son jikanta kamar ranta, ba ta kiransa komai sai maigidana. A bayanta uwar take, yarinya sa'armu, ta ja mayafi har goshi. Aka ba su gadon bakin taga. Kakar ta haye gefen gadon, uwar ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta zauna, ta juya wa gadon baya. Ɗan fari ne. Kowa ya san yadda abin yake a lokacin: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban uwar mijinta. In za ta ba shi nono sai an miƙo mata shi, ta karɓa tana kallon wani wajen.

Likita ya duba, ya yi tambayoyinsa, kakar ta amsa. Zazzaɓi ne da ɗan tari, in ji ta. Ya ga yaron ya yi fari, ya ce zazzaɓin sauro ne ya sha masa jini, ya rubuta magani. Mu ɗalibai aka ba mu aikin lura da shi, mu auna zafin jiki, mu tambayi nono da fitsari da bayan gida. Duk abin da muka tambaya kakar na da amsa, kuma amsar ba ta wuce lafiya lau. Ni da ƙawata har musu muka yi a hanyar gida. Ta ce ita ba ta taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irin wannan ba, ɗanta na kwance ko waiwaye ba ta yi. Na ce ba ki san komai ba, wannan ita ce 'yar da ta sami tarbiyya, haka Inna ta yi wa yayanmu. Ita tana ganin rashin imani, ni ina ganin kyawun hali, muka rabu kowa na ganin shi ne mai hankali. Yaron kuwa magani na shiga, zafin jiki na sauka, amma kullum sai ƙara yin laushi yake.

Ranar Litinin da safe Sista ta dawo. Ta zagaya ɗakin kamar yadda ta saba, da ta zo gadon bakin taga sai ta tsaya. Ta gaida kakar da ladabi, ta ɗaga fatar idon yaron ta duba, ta taɓa tafin ƙafarsa. Sannan ta daɗe tana kallon uwar, wadda ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta jawo mu gefe.

“Wa kuke tambaya labarin yaron nan?”

“Kakarsa, Sista,” na ce. “Uwar ɗan fari ne, ba za ta yi magana ba.”

“Wa ke wanke tsummansa?”

Muka kalli juna. Uwar ce, kullum tana ficewa da su a ƙunshe cikin mayafi, ta wanke a famfon baya.

“To wa ya san abin da ke cikin tsumman?” Ba ta jira amsa ba, ashe musun da muka yi ya riga ya kai kunnenta. “Ke kin ce ba ta son ɗanta, ke kuma kin ce kunya ce, kuka tsaya a nan. Ku dubi yatsun ƙafarta in yaron ya yi ƙara.”

Muka duba. Yaron ya ɗan yi ƙugi, yatsun uwar suka dunƙule a kan tabarma, bayanta ya sandare, kanta dai bai motsa ba. Gaban rigarta jiƙe yake da nono.

Sista ta koma wajen kakar da fara'a. “Inna, maigidan nan naki yana son a gasa masa jiki da ruwan ɗumi, namu kuma ya ƙare. Ga wannan yarinyar ta raka ki wajen mai shayi a bakin ƙofa, ki tsaya a kansa ya tafasa sabo, ban yarda da kowa ba sai ke.” Tsohuwa ta miƙe da rawar jiki, ƙawata ta ɗauki filas ta bi ta. Ruwan zafi kuwa tukunya guda muke da shi a ɗakin.

Suna fita Sista ta yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ta tattare farin siket ɗinta ta zauna a tabarmar nan, kafaɗa da kafaɗa da yarinyar. Ta ce in miƙo yaron, ta ɗora mata shi a cinya. Yarinyar ta waiga ƙofa a firgice.

“Ta tafi,” in ji Sista. “Ni kuwa 'yar Sabon Gari ce, ba surukarki ba, babu kunya tsakanina da ke. Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Me kike gani a tsumman yaron nan?”

Yarinyar ta dubi yaron da ke cinyarta. Sannan ta yi magana, muryarta can ƙasa. “Baƙi ne. Baƙi ƙirin kamar gawayi.”

“Tun yaushe?”

“Tun da wanzami ya cire masa belu.”

Ashe da tarin ya dame shi, kakar ce ta kira wanzami ya yanke ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro, kamar yadda aka yi wa 'ya'yanta duka suka tashi lafiya. Wannan karon wurin bai daina zubar da jini ba, kaɗan-kaɗan, yaron yana haɗiyewa, ba a gani a waje sai a bayan gida. Tsohuwar ta san halin ma'aikatan asibiti da faɗa in suka ji an kai yaro wajen wanzami, shi ya sa ta ja bakinta, kuma har ga Allah ba ta ɗauka shi ne ciwon ba. Uwar ta sani, ko dai ta zarga. Amma ta yaya za ta buɗe baki a kan ɗan fari, kuma maganar ta zama ƙarar uwar miji? Kwana da kwanaki tana wanke shaidar da hannunta tana kuka a bakin famfo, inda ba mai ganinta.

Nan da nan ɗaki ya kacame. Aka kira likita, ya leƙa maƙogwaron da tocila, ya ce a nemo jini yanzu-yanzu. Wanda ke ajiye bai dace da na yaron ba, na uwar ma da aka gwada bai yi ba, sai a nemo uban. A Kantin Kwari yake, yaron shagon wani Alhaji mai shadda, kuma lokacin babu wayar hannu. Sista ta dube ni. “Ke 'yar Fagge ce, kin san kasuwar. Cire hular, ki yi gudu.” Na yi gudu irin wanda ban yi ba tun ina 'yar gaɗa. Na kutsa layin 'yan shadda ina tambaya, 'yan dako na yi mini tsiya wai nas ta biyo maras lafiya ya gudu. Da na same shi yana auna yadi, ban san me na ce masa ba, na dai ga ya saki almakashi ya biyo ni ko takalmi bai gyara ba. Jininsa ya dace. Aka ɗiba, aka ɗaura, muka tsaya muna kallon yana ɗiga. Na sa rai, wallahi na sa rai, har na fara ganin kamar leɓɓansa sun yi ja. Ana kiran sallar la'asar yaron ya cika.

Na sha ganin mutuwa bayan wannan, amma ita ce ta farko da aka yi a hannuna, kuma har yau in na tuna sai na ji da ma. Da ma Sista ba ta tafi hutu ba, da ma wani cikinmu ya bi yarinyar nan bakin famfo. Babu wanda ya ƙi aikinsa, duk abin da littafi ya ce a tambaya mun tambaya. Littafin ne bai gaya mana wa za mu tambaya ba.

Uban ya yi salati ya fita neman mota. Kakar ta zauna daɓas tana hawaye tana cewa maigidana ya tafi ya bar ni, matan sauran gadaje suka taso suna ba ta haƙuri. Uwar tana kan tabarmarta, idonta a bushe, tana kallon bango. Babu wadda ta yi mata ta'aziyya da ƙarfi, don an san ba za ta amsa ba.

Sista ta ce, “Za mu shirya shi. Kowa ya ba mu wuri, uwar ta tsaya.”

“Ai ita ba za ta iya ba, 'yar nan,” in ji kakar. “Na fari ne. Ni zan tsaya.”

“Inna, dokar asibiti ce, ba ni na kafa ta ba.”

Babu wata doka mai kama da haka. Aka fita da tsohuwar baranda, Sista ta jawo labule mai taya ta kewaye gadon, ta kama hannun yarinyar ta shigar da ita, ita kuma ta fito. Sannan ta juyo kanmu ta ce mu kwaso duk tasoshi da kwanonin ɗakin mu wanke a famfon da ke kusa da gadon. Muka ce ai da safe muka wanke su. Ta ce, “Ku sake. Kuma ina so in ji ƙararsu har ofis.” Matar da faɗuwar cokali ke ɓata wa rai. Muka buɗe famfo har ƙarshe, muka shiga gwara tasa da tasa, ƙawata na yi tana sharar hawaye da kafaɗa. Daga baranda ba a jin komai sai ƙarar kwanoni. Ni da nake dab da labulen ina ji. Ba ihu take yi ba. Sunansa take kira, a hankali, ta kira ta sake kira, sunan da tun ranar suna bai taɓa fita daga bakinta ba.

Da ta fito ta gyara mayafinta, fuskarta kamar ba abin da ya faru. Ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya, ta dubi hannuwana da ke cikin kumfa.

“Sannu da gudu,” ta ce. Sannan ta rage murya. “'Yar'uwa, ke da kika yi karatun abin. Na kira shi. Ya ji kuwa?”

Na juya wajen Sista, don duk tambayar da ta fi ƙarfinmu ita muke miƙa wa. Tana tsaye kusa, ta ji sarai. Sai ta sunkuyar da kai tana duba agogon ƙirjinta, ta bar ni da yarinyar. Ranar ce ta fara barina in amsa da kaina.

Na ce, “Ya ji.”

Ta gyaɗa kai, ta bi bayan surukarta suka tafi, ban sake ganinta ba. Na yi aikin nan har furfura ta rufe ni, na rufe idanun yara da manya ba adadi, kuma har yau ban sani ba ko gaskiya na gaya mata.